AIKI ƊAYA YA ISA YA BIYA BASHIN JINI?



Watakila wani zai buɗe wannan 'yar takarda ya yi mamaki, ya ce, me ya haɗa dattijon ikilisiya da labarin sinima? Ni ma ban zaci zan yi rubutu a kan wannan ba. Iyakar karatuna firamaren mishan ce, kuma sa'ad da mu ke yara an hore mu kada mu kusaci gidan sinima. Amma yau sinima ba ta jira a je gidanta. Ta shigo aljihun 'ya'yanmu, tana cikin wayar hannu. Abin da ya riga ya shiga gidanka kuwa, gara ka san kamanninsa.

Ga yadda aka yi. Ɗana na biyu, wanda ya ke karatu a Yamai, ya zo hutu. Wata ran Lahadi bayan sujada na tarar da shi da waɗansu samari a gindin dogon yaro, suna gardama har jijiyar wuya ta tashi. Wannan yana cewa, "Ya sami ceto, gama ya tuba kafin ya mutu." Wancan yana cewa, "Ina! Mutumin da ya kashe yara? Ba shi da rabo." Gabana ya faɗi. Na ce, "Wane ne ya rasu ban ji ba?" Sai suka fashe da dariya. Ɗana ya ce, "Baba, ba wanda ya rasu. Wani mugu ne cikin fim."

Na so in tsawata musu in wuce. Amma na lura tambayar da su ke yi ba ta wasa ba ce. Ita ce tambayar da mu kan yi cikin zuciya duk sa'ad da muka dawo daga jana'izar azzalumi. Saboda haka na ce wa ɗana ya nuna mini. Muka yi darare muna kallo, yana fassara mini daga Faransanci.

GA LABARIN

Sunan labarin Star Wars, wato Yaƙin Taurari. Wani Ba'amurke, George Lucas, shi ya ƙaga shi. Kashi na fari ya fito a 1977, aka yi ta ƙarawa har manyan kashi suka kai tara a 2019. Ku sani tun da fari, tatsuniya ce. Ba a taɓa yin waɗannan mutane ba. Akwai jiragen da ke tafiya tsakanin taurari, da takubban haske, da waɗansu mayaƙa masu tsaron salama da a ke kira Jedai. Mugun da samari su ke gardama a kansa sunansa Darth Vader, masu Faransanci kuwa su kan ce Dark Vador. Ni zan ce masa Bador, yadda bakina ya iya.

Ba a haife shi da wannan suna ba. Sunansa na yanka Anakin. Bawa ne, shi da uwarsa, a wata duniya ta rairayi da zafin rana. Yana ɗan shekara tara Jedai suka gan shi, suka ga yana da baiwa, suka ɗauke shi domin su koya masa. Uwar kuwa aka bar ta cikin bauta. Yaron kirki ne, mai son taimako. Ku riƙe wannan, gama ba wanda ya ke tashi da safe ya ce yau zan zama azzalumi.

Bayan shekara goma ya koma neman uwarsa. Ya tarar mutanen jeji sun kama ta, sun yi mata azaba, ta mutu a hannunsa. A daren nan ya hallaka zangon duka, maza da mata da yara. Sa'an nan ya ƙudura a ransa sai ya sami ikon da zai hana mutuwa taɓa wanda ya ke ƙauna. Ya yi aure a ɓoye, gama dokar Jedai ta hana. Matar ta yi ciki, shi kuwa ya yi mafarki za ta mutu wajen haihuwa.

Akwai wani tsoho mai daɗin baki, Falfatin, shugaban gwamnati, wanda ya daɗe yana hura wa yaron kunne. Yana ce masa ya fi malamansa, kishi ne ya sa ba su ɗaukaka shi ba. Ana nan sai majalisar Jedai ta ba Anakin wurin zama a cikinta, amma ta hana shi sarautar babban malami. Abin ya ci masa rai ƙwarai. (Ku dattawan ikilisiya, kada mu yi saurin wuce wannan wuri. Mun san zafin a ba ka kujera a hana ka suna.) Sai tsohon ya yi masa alkawarin ikon da zai ceci matarsa daga mutuwa. Anakin ya durƙusa a gabansa, aka raɗa masa sabon suna. Aikinsa na fari shi ne ya shiga gidan Jedai da sojoji. Ƙananan yara 'yan makaranta suka fito daga maɓoya da suka gan shi, suna tsammani ya zo ceto. Ya zare takobi.

Ya ce domin matarsa ya yi. Amma da ta zo tana roƙonsa su gudu tare, me ya ce mata? Ya ce zai iya kawar da tsohon, su biyu su mallaki kome. Ashe ƙaunar ta riga ta zama kwaɗayin mulki. Da ta ƙi, ya shaƙe ta. Ya yi faɗa da malaminsa Obi-Wan a bakin kogin wuta, aka sare masa ƙafafu da hannu, wuta ta cinye jikinsa. Aka sa shi cikin baƙaƙen tufafin ƙarfe, da na'ura mai yi masa numfashi. Matar ta haifi tagwaye, Luk da Leya, ta mutu. Aka ɓoye jariran, bai san suna da rai ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala: abin da ya sayar da ransa domin ya tsare, shi ne ya fara rasawa.

Shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana bauta wa tsohon, wanda ya zama Sarkin Sarakunan taurari. Ya yi wa Leya azaba bai san 'yarsa ce ba. Yana riƙe da ita aka tarwatsa duniyar da ta girma a ciki, Aldaran, da dukan mutanenta, bai ce uffan ba. Ya sare tsohon malaminsa. Hafsoshinsa ma, in sun yi kuskure, ya kan shaƙe su. A kashin da ya fito a 1980 ya sare hannun Luk, sa'an nan ya gaya masa shi ne ubansa, ya kira shi su haɗa kai su yi mulki tare. Har wa yau mulki.

Ƙarshen yana cikin kashin 1983. Luk ya ba da kansa, ya je wurin uban da ƙafarsa, yana cewa har yanzu da sauran kirki a cikinsa. Uban ya miƙa shi ga Sarki. Aka sa su faɗa, ɗan ya rinjayi uban, amma ya ƙi kashe shi, ya jefar da takobinsa. Sarki ya husata, ya shiga ƙona yaron da wuta mai kama da walƙiya. Yaron yana birgima yana kiran ubansa. Bador ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sai ya ɗaga Sarki cak, ya jefa shi cikin rami mai zurfi. Wutar ta lalata na'urar numfashinsa. Ya roƙi ɗan ya cire masa baƙar hular domin ya gan shi da idonsa, ya mutu. Daga ƙarshe aka nuna kurwarsa tana haske, tana murmushi, a tsaye tare da malaman kirki.

Wannan murmushi shi ne ya raba kan samarinmu.

MU SA A MA'AUNI

Lahadi ta gaba na kira su. Na ce, "'Ya'yana, kalmar da ku ke gardama a kanta ita ce fansa. To, kakanninmu sun san fansa sarai. A zamanin bauta, bawa ya kan tara kuɗi ya fanshi kansa, ko danginsa su kawo dukiya su fanshe shi. Fansa biya ce. Ba a yin ta da hawaye, ba a yin ta da niyya mai kyau. Sai an ƙirga, ubangijin bawan ya ce ya cika. Ku zo mu ƙirga."

A gefe ɗaya muka sa zangon mutanen jeji, da yaran makaranta, da matarsa, da duniya guda cike da mutane, da shekara ashirin na zalunci. A ɗaya gefen muka sa aiki ɗaya, na ɗan lokaci kaɗan. Ko yaron da bai iya lissafi ba ya ga inda ma'auni ya karkata.

Mu dubi aikin ɗayan nan da kyau. Wa ya ceta? Ɗan cikinsa. 'Ya'yan waɗansu sun yi kuka a gabansa bai ji ba, sai da nasa ya yi kuka. Ban raina wannan ba, gama ya ba da ransa. Amma ko kaza ta kan tare shaho saboda 'yan tsakinta. Ubangiji Yesu ya koya mana cikin Matiyu sura 5 cewa ƙaunar masu ƙaunarmu ba abin lada ba ne, masu karɓar haraji ma suna yin haka. Kuma ban ji ya ambaci yaran nan ko sau ɗaya ba. Bai nemi gafarar kowa ba. Saƙo ɗaya ya bar wa 'yarsa, cewa ɗan'uwanta ya yi gaskiya a kansa. Ita da ya azabtar, ba ta ji kalmar ban haƙuri daga bakinsa ba.

Akwai kuma abin da ya ba ni dariya. Ɗana ya nuna mini kashin 2019, sai ga tsohon Sarkin da aka jefa rami ya komo da ransa! Wato ko aikin ɗayan nan bai kashe macijin ba. Masu fim sun yi haka domin labari ya ci gaba, amma ba da saninsu ba sun faɗi gaskiya. Ayyukanmu mafiya girma ba su kan gama da mugunta.

Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Baba, ai ya biya da ransa." Na ce masa, "Ɗana, in mutum ya ci bashin dami ɗari, ya kawo dami ɗaya wanda dā ma na mai bashin ne, ya biya?" Ran nan da ya bayar, ba nasa ba ne. Kuma mutuwa dā ma tana jiransa, gama Romawa sura 6 ta nuna mana mutuwa ita ce ladan da zunubi ya ke biyan ma'aikatansa. Mutum ba ya biyan bashi da albashin da bashin ya jawo masa.

Saboda haka amsata ga tambayar ita ce a'a. Bai cancanta ba. Bai biya ba. Wanda ya ce ba shi da rabo ya yi murna, ya ce, "Kun ji ko?" Na ce masa ya dakata, ban gama ba.

ABIN DA TATSUNIYAR TA GANE, DA ABIN DA TA RASA

Wa ya fara tafiya wurin wani? Ɗan ne. Ya je sa'ad da uban ya ke maƙiyinsa, da hannun ƙarfe a madadin wanda uban ya sare. Malamansa sun riga sun fid da zuciya, shi bai fid da ba. Ya yarda a kama shi, ya yarda ya sha azaba, bai rama ba. Ba kirkin Bador ne ya jawo ƙaunar ɗan ba. Ƙaunar ɗan ce ta farfasa zuciyar Bador. A nan na ji tsigar jikina ta tashi, gama na ga inuwar wani labari wanda ba tatsuniya ba ne. Romawa sura 5 ta shaida Almasihu bai jira mu gyaru ba. Muna cikin zunubinmu, muna gāba da Allah, a lokacin ne ya mutu dominmu.

Amma inuwa ba ta ɗaukar kaya. Luk yana iya yafe hannunsa, gama nasa ne. Ba shi da iko ya yafe jinin mutanen Aldaran. Wa ya ba shi? In wani ya ƙone rumbunka, ni in zo in ce masa na yafe, za ka ce na yi hauka. Mai abu shi ke yafewa. Dukan rayuka kuwa na Allah ne, saboda haka kowane zunubi a ƙofarsa ya ke ƙarewa.

A nan tatsuniyar ta gaza. A cikinta babu Allah mai ji, mai gani, mai shari'a. Akwai wani abu da su ke kira Ƙarfi, mai gefen haske da gefen duhu, mutum ya kama gefen da ya ga dama. Ba a yi wa Ƙarfin nan laifi, ba a roƙonsa gafara, ba ya tambayar jinin kowa. Shi ya sa ya yi sauƙi a nuna kurwa tana murmushi. Ba wanda ya biya, an dai rufe littafin bashin an sa kiɗa. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku wannan ba Allahnmu ba ne. Wasiƙar Yahaya ta fari ta koya mana duhu ba shi da wuri a cikin Allah ko kaɗan. Allah ba ya kau da ido daga jinin marasa laifi. In ya gafarta, to, an biya. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 1, ta faɗi abin da aka biya da shi. Ba azurfa ba, ba zinariya ba, jinin Almasihu ne.

SARKIN DA YA FI BADOR MUGUNTA

Na ce su buɗe 2 Sarakuna sura 21, da 2 Tarihi sura 33. Wannan ba ƙage ba ne. Manassa ɗan Hezekiya ya hau gadon Yahuza yana da shekara 12, ya yi mulki shekara 55. Ubansa mai tsoron Allah ne, shi kuwa ya rushe aikin uban. Ya kafa gunki cikin Haikalin Ubangiji. Ya yi sha'ani da bokaye da masu duba. Ya ƙona 'ya'yan cikinsa hadaya. Bador ya ji kukan ɗansa ya juyo, Manassa bai juyo ba. Jinin marasa laifi da ya zubar ya cika Urushalima.

Sai sarkin Assuriya ya aiko da sarakunan yaƙinsa. Suka kama Manassa da ƙugiya, suka ɗaure shi da sarƙar tagulla, suka kai shi Babila. A can, ba gadon sarauta, ba sojoji, ba abin bayarwa, ya ƙasƙantar da kansa ƙwarai, ya yi addu'a. Allah kuwa ya ji shi, ya komo da shi Urushalima.

Ku dubi yadda abin ya jeru. An ji shi tukuna, yana cikin sarƙa. Daga baya ne ya fitar da gumaka, ya gyara bagaden Ubangiji. Gyaran bai sayi gafara ba, gafarar ce ta haifi gyaran.

Amma kada wani ya ce, ashe abin da sauƙi. Manassa ya fitar da gumaka daga birni, bai iya fitar da su daga zuciyar ɗansa ba. Amon ya gāje shi, ya bi tsohuwar hanyar uban, shekara 2 kaɗai ya yi fādawansa suka kashe shi. 'Ya'yan da aka ƙona ba su dawo ba. Bayan shekaru da yawa, da Babila ta zo wa Yahuza, 2 Sarakuna sura 24 ta ambaci sunan Manassa da jinin da ya zubar cikin dalilan masifar. Mutumin ya sami jinƙai, amma ƙayar da ya shuka ta ci gaba da sukar ƙafafun jikoki.

Sa'an nan muka karanta Luka sura 23, labarin ɗan fashin da aka gicciye tare da Yesu. Shi ne ya fi kama da Bador, gama a bakin mutuwa ya juyo. Matiyu da Markus sun nuna da fari su biyu duka suna zagin Ubangiji. Amma ga bambanci. Ɗan fashin bai yi wani aikin jaruntaka ba. Hannuwansa a kafe su ke, ba ya iya mayar da ko dala ɗaya ta sata. Abin da ya yi shi ne ya amsa a fili cewa hukuncinsa daidai ne, ya shaida Yesu ba shi da laifi, ya roƙi a tuna da shi. Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan. Ya cancanta? Ko kusa. Wanda ya ke rataye kusa da shi ne ya ke biya a sa'ar nan.

Na juya wurin saurayin da ya ce mai kashe yara ba shi da rabo. Na ce, "Ɗana, in sai wanda ya cancanta, to, Manassa ba ya ciki, Bulus da ya tsananta wa ikilisiya ba ya ciki, ni da kai ma ba mu ciki." Na kuma juya wurin wanda ya ke murna da tuban ƙarshe. Na ce, "Kai kuma ka tuna 'yan fashin su biyu ne. Ɗayan ya mutu yana zagi, ga Mai Ceto a kusa da shi. Mai fim ya kan ba mugu lokaci ya yi jawabi kafin ya cika. Na tsaya a kan gawa da yawa, kaɗan ne suka sami wannan lokaci."

LAIFI TUDU NE

Na koma gida ina jin daɗin kaina, ina cewa yau na koyar. Da dare uwargidana, wadda ta ji kome daga bakin ɗanmu, ta ce a hankali, "Maigida, kwanon da ka rufa wa majami'a, bashin wa ya biya?" Ba ta ƙara ba. Ni ma ban amsa ba. Amma ban runtsa ba.

Zan faɗa muku, ko da ya ke da kunya. A yunwar 2005, wadda mu mutanen ƙasar Maradi ba za mu manta da ita ba, ina da sauran hatsi a rumbu. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ba shi da ko tiya. Ya zo wurina. Na ba shi buhu biyu na gero, amma na karɓi gonarsa ta gado jingina, wadda ta ke maƙwabtaka da tawa. Na daɗe ina son gonar nan. Ba domin yunwa ba. Ina so a ce duk gonakin mahaifinmu a hannuna su ke, ni ne babba, ba a yanke magana sai da ni. Na gaya wa kaina domin iyalina na ke yi. Haka Anakin ma ya ce.

Da kaka ta yi ya kawo buhu biyu. Na ce masa buhun lokacin yunwa ba ɗaya ya ke da buhun kaka ba. Bisa ga lissafin kasuwa ina da gaskiya, shi ya sa ba wanda ya iya kama ni. Ya dube ni, ya ce, "To, Yaya." Ya tafi ci-rani, ya yi ta zuwa yana komawa, har wata shekara ciwo ya kama shi a can, ya rasu. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Bayan shekaru, da aka tashi gina sabuwar majami'a, ni na sayi kwanon rufi duka. Aka yi mini godiya a gaban jama'a. Ba da daɗewa ba aka zaɓe ni dattijo. Cikin zuciyata na ɗauka Allah ya ga kwanon, ya share gonar. Ga ni ina yi wa samari lissafin Bador, ashe ni ma aiki ɗaya babba na ɗora a ma'auni, ina jira a nuna ni ina murmushi tare da tsarkaka. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A daren nan na durƙusa. Ban kawo kwano a gaban Allah ba, ban kawo shekarun hidimata ba. Na faɗi sunan abin da na yi: ƙyashi, da son girma, da cin amanar ɗan'uwa a ranar wahalarsa. Na roƙi jinƙai saboda jinin Yesu kaɗai, kamar yadda Afisawa sura 2 ta koyar, cewa ceto kyauta ce ta alheri, ba ladan aiki ba. Na gaskata an gafarta mini a daren nan, tun ban mayar da kome ba.

Amma Zakka ya hana ni zama. Ku karanta Luka sura 19. Yesu ne ya fara shiga gidansa, yana mai zamba tukuna. Da alherin ya shiga, sai mutumin ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ɗan fashin da ke kan gicciye ba shi da hannun mayarwa. Ni ina da hannu, ina da ƙafa, gonar kuma tana nan.

Ya kai mai karatu, in kana riƙe da gonar wani, ko sadakin wata, ko kuɗin baiko da aka ba ka amana, ko kuwa kujerar da ka samu ta wurin ɓata sunan ɗan'uwa, kada ka jira ranar da za ka yi babban aiki. In kuwa kana ganin abin da ka yi ya fi ƙarfin gafara, buɗe 2 Tarihi 33 ka karanta, ko ka sa ɗanka ya karanta maka. Sa'an nan ka nemi fastonku ko wani dattijo ku yi addu'a tare.

Ni dai da gari ya waye na kira fasto da dattawa biyu, da mai unguwa domin shaida. Muka tafi gidan matar ƙanena. Na faɗi abin da na yi a gaban 'ya'yanta, waɗanda yanzu sun zama magidanta. Na mayar da gonar, na kuma yi alkawarin dami goma kowace kaka har shekara biyar, ko da ya ke na sani bai kai abin da na ci a cikinta ba. Ta daɗe tana duban ƙasa. Sa'an nan ta ce, "Yaya, da ka yi wannan yana da rai." Ba ni da amsa. Na ce, "Gaskiya ne."

Bana babban ɗanta ne ya shuka gonar. Ranar da na bi ta wurin zuwa tawa, na tarar da shi yana noman fari shi kaɗai, rana ta take. Na sauke hauyata na kama kunya ɗaya daga wancan gefe. Bai ce mini kome ba, sai da muka haɗu a tsakiya ya miƙo mini goran ruwa. Uwarsa har yanzu ba ta ce ta yafe ba. Ran Lahadi tana zama a layi na uku wajen mata, ƙarƙashin kwanon nan, ni kuwa ina gaishe ta a bakin ƙofa, tana amsawa.